Batirin Motar Haibirid Idan Ya Mutu: Gyara Ko Canji A Gida

Motar haibirid batir biyu gare ta, ba ɗaya ba. Masu sauraro, a riƙe wannan tun daga farko, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Batir biyu. Akwai ƙarami mai bolt 12, irin wanda kowace mota take da shi. Akwai kuma babba, a cikin akwatin ƙarfe, a bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta. Idan aka ce batirin haibirid ya mutu, babban ake nufi. Shi ne mai tsada, shi ne kuma mai haɗari.

Haibirid mota ce da ta haɗa injin fetur da injin lantarki, suna karɓa-karɓa, wani lokaci kuma su ja tare. Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irinta da yawa, da motar Prius, a Japan, a watan Disamban 1997. A shekarar 2000 ta shiga kasuwannin Amurka da Turai. Honda ta fito da tata, Insight, a 1999. Waɗanda suka gama aiki a can su ne suke shigowa nan ta Kwatano da Legas. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk motar da ba ta shan mai sosai ta ƙara farin jini. Sai dai garantin da Toyota ta daɗe tana bayarwa a kan wannan batir a Amurka shekara 8 ne, ko mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000. Daga motocin 2020 ne ta ƙara shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ke nan motar da ta shekara goma sha kafin ta iso Kano ko Kaduna ko Yamai, garantinta ya riga ya ƙare. Ranar da batir ya mutu, mai mota shi kaɗai zai ji da shi.

Sai a fara da abin da ke cikin akwatin.

Misalin da za a bi shi ne Prius ta 2004 zuwa 2009, domin tsarinta ya yi kama da na 'yan'uwanta da yawa. A cikin akwatinta akwai ƙananan batura 28, sirara, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Kowane ɗaya sunansa modul, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya. A cikin kowane modul akwai ɗakuna shida, ana ce musu sel. Kowane sel yana ba da bolt 1.2. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar lantarki cikin waya. Shida sau 1.2 ya ba da bolt 7.2 a modul ɗaya. Modul 28 kuma suka ba da bolt 201.6. A sake ji: bolt ɗari biyu da ɗoriya. Camry haibirid ta 2007 modul 34 gare ta, bolt 244.8. Highlander da Lexus RX 400h sun kai bolt 288. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Ke nan akwatin da ke bayan kujera tsaran soket ɗin bango ne, wani ma ya fi shi.

An haɗa modul ɗin ne a jere, wutar tana fita daga wannan ta shiga wancan, har ta ratsa dukansu. A nan ne sirrin mutuwar batirin yake. Abin kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya ɗaya. Komai ƙarfin na gaba, tafiyar ayarin tafiyar gurgun cikinsu ce. Idan ya durƙusa, kowa ya tsaya. Sel 168 ne a cikin akwatin, amma guda ɗaya idan ya lalace ya isa ya tsayar da motar. Kwamfutar batir tana sa ido a kansu bibbiyu, wato rukuni 14. Da zarar rukuni ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran sosai, sai ta kunna fitilar gargaɗi.

Ita kwamfutar ba ta barin batirin ya cika fal, ba ta kuma barin ya ƙare tas. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da kashi 80 cikin ɗari, kuma wannan ne ya sa yake daɗewa shekaru. Wani abin lura kuma, irin wannan mota ba ta da kik, ba ta da alternato, wato na'urar da ke cajin batir a motar yau da kullum. Babban batir ne yake tayar da injin fetur. Idan ya mutu murus, turi ba ya tayar da ita. Ko samarin unguwa goma aka tara, wahalar banza za su sha.

Yanzu sai dalilan mutuwarsa.

Tsufa yana kan gaba, kuma babu maganinsa. Amma zafi shi ne yake gaggauta tsufan. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe, cikinta ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Shi kuwa wannan batir iskar cikin mota ce take sanyaya shi. Akwai 'yar fanka da take zuƙo iska ta wata taga mai raga a gefen kujerar baya, ta hura ta tsakanin modul ɗin. Ƙurar hunturu tana shiga nan. Gashi da zare da ɓurɓushin takarda suna shiga nan. A hankali fikafikan fankar su cushe. Direba ya ɗauko fasinja huɗu a baya, na gefe ya jingina jakarsa a kan tagar, babbar rigarsa ta rufe saura. An yi tafiyar Kano zuwa Katsina haka, batir yana ta dahuwa, babu wanda ya sani. Modul ɗin da ke tsakiyar jeri su suka fi shan zafi, shi ya sa galibi su suke fara lalacewa.

Dalili na uku shi ne zama. Batirin nikel, wanda shi ne a cikin waɗannan motoci, yana zubar da cajinsa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Motar da ta yi wata da watanni a jirgin ruwa, da tashar ruwa, da filin dillali, batirinta yana iya raunana tun kafin sabon mai ita ya karɓi makulli.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Layukan caji a allon gaban direba suna cika cikin minti biyu, su zube cikin minti biyu. Injin fetur ya daina hutawa a cunkoso. Shan mai ya ƙaru. Fankar baya tana ta gurnani. Motar ta yi nauyi a hawa. Daga ƙarshe jar alama mai kusurwa uku ta bayyana.

To, kafin a kunce noti ko ɗaya, sai an tabbatar da cutar. Wannan shi ne kashi na gaba, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

A fara da ƙaramin batir. A sake ji: a fara da ƙaramin batir. Shi ne yake tayar da kwamfutocin motar, shi ne kuma yake buɗe wa babban hanya. Idan ya yi sanyi, motar takan ƙi nuna READY, wato alamar cewa ta tashi, fitilu iri-iri su kama, mai mota ya ɗauka babbar asara ta same shi. Lafiyayyen batir mai bolt 12, idan motar tana kashe, mita takan nuna wajen 12.4 zuwa 12.6. Idan ya faɗi ƙasa da 12, shi ne abin zargi na farko, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da na babban.

Idan ƙaramin lafiya lau yake, sai a tambayi motar da kanta. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket da ake kira OBD2. Ana maƙala masa 'yar na'urar karatu, ta haɗu da wayar hannu, a buɗe manhaja irin su Dr. Prius ko Hybrid Assistant. Masu gareji suna amfani da Techstream, manhajar Toyota. Lambar da ta fi fitowa ita ce P0A80, ma'anarta a canja batirin haibirid. Lambobi daga P3011 zuwa P3024 suna nuna rukunin da ya raunana, daga na ɗaya zuwa na goma sha huɗu. Manhajar tana kuma nuna bolt ɗin kowane rukuni yayin da motar take tafiya. A lafiyayyen batir, galibi bambancin da ke tsakaninsu ba ya wuce kashi uku cikin goma na bolt ɗaya. Idan rukuni ɗaya yana faɗuwa da bolt guda ko fiye duk lokacin da aka taka totur, to akwai mataccen sel a cikinsa.

Akwai lamba ɗaya da ta bambanta da sauran, P0AA6. Ita tana nufin babbar wuta tana yoyo zuwa jikin motar. Wannan ba aikin gida ba ne. Motar ta tafi wurin wanda ya ƙware.

Goge lamba kuwa ba gyara ba ne. Fitilar takan mutu na kwana biyu ko mako guda, sannan ta dawo. Mai shirin sayen haibirid ya san da wannan, ya kuma nemi a gwada masa batirin a kan titi, ba a tsaye ba.

Masu sauraro, yanzu an zo maganar tsaro, kuma a nan za a ɗan daɗe.

A ƙa'idar masu ƙera motoci, wutar batir da ta haura bolt 60 babbar wuta ce. Wannan akwati ya ninka haka fiye da sau uku, kuma yana iya tura wajen amfiya 100, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, alhali abin da bai kai amfiya ɗaya ba ya isa ya tsayar da zuciya. Wutar gida ana iya kashe ta daga mita. Batir ba shi da makashi. Ko an ciro shi an ajiye a tsakar gida, wutarsa tana nan a ciki. Shi ya sa aka yi wa duk wayoyin babbar wuta launin ruwan goro. Duk wayar da ke da launin ruwan goro, ba a taɓa ta da hannu tsirara.

Kayan aikin da ba a fara komai sai da su: safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, wadda ake kira aji sifili, da safar fata a samanta don kada ta huje. Safar wanki ko ta asibiti ba ta tsare komai. Kafin a sa ta, a hura mata iska a matse, a saurara ko tana yoyo. Sai mita mai jure bolt 1,000, da tabarau na kariya, da sifana mai rufaffen hannu. A cire zobe da agogo da duk wani ƙarfe a jiki. Ƙasa ta kasance a bushe. Yara su yi nisa. Kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai. Wani ya tsaya kusa, da busasshen katako a hannu, domin wanda wuta ta kama ba a janye shi da hannu.

Tsarin kashe wutar kuwa a jere yake, ba a sauya shi. A kashe motar, a kai makullin nesa da ita. A cire wayar ƙaramin batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Sannan, da safa a hannu, a zare filogin tsaro, wato wani maƙalli mai launin ruwan goro a jikin akwatin. A sa shi a aljihu, don kada wani ya mayar da shi bisa kuskure. Sai a jira minti 10. Dalilin jiran shi ne inbata, na'urar da ke sarrafa wutar a gaban mota, tana da ma'ajiyar caji da ba ta hucewa nan take. Bayan minti goman a auna da mita, a ga sifili. Ita ma mitar a fara gwada ta a kan ƙaramin batir, a tabbata tana aiki.

A lura da wannan da kyau. Zare filogin tsaro ba ya kashe batirin. Raba jerin yake yi gida biyu kawai, kuma kowane ɓangare yana da wutar da za ta iya kisa. Wayoyin da ke waje sun mutu, amma cikin akwatin yana da rai.

Ruwan da ke cikin modul ɗin ma abin tsoro ne. Ba asid ba ne irin na batirin yau da kullum. Sinadari ne dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita, yana ƙona fata, yana makantar da ido. Idan ya taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa, idan ido ne a garzaya asibiti.

Daga nan sai hanyoyin gyara.

Hanyar da ta fi arha, wadda kuma ta fi jan hankali, ita ce a ciro modul ɗin da ya mutu a sa wani. Ana buɗe murfin akwatin, a fara kunce ƙananan faranta na jan ƙarfe da suka haɗa modul da modul. Da an gama cire na gefe ɗaya, jerin ya tsinke, abin da ya rage bibbiyu ne masu bolt 15 ko kusa da haka. Sai a lokacin haɗarin yake raguwa. A rubuta wa kowane modul lamba, daga 1 zuwa 28, a auna shi, a rubuta a takarda. Lafiyayyu sukan nuna tsakanin 7.5 da 8. Wanda sel ɗinsa ya mutu yakan gaza sauran da kimanin bolt 1.2. Amma awo a zaune ba ya faɗin gaskiya duka. Sai an ɗora wa kowanne kaya. Ana haɗa shi da kwan fitilar gaban mota mai wat 55 na minti biyu, a ga nawa ya sauka. Minti biyu ga kowanne, ba ƙari ba ragi. Wanda ya fi saura zubewa shi ne mai bin mataccen.

Su faranta na jan ƙarfen sau da yawa akan tarar sun yi koriyar tsatsa. A jiƙa su a ruwan khal a goge, ko a sa sababbi. A duba siraran wayoyin da ke kai awo ga kwamfuta, domin tsatsa a nan kaɗai tana iya jawo ƙaryar mutuwar batir. Wurin mayarwa, modul ɗin suna fuskantar juna ne a sarƙe, mai alamar ƙari kusa da mai alamar ragi. Juya guda ɗaya yana jawo tartsatsi da gobara. Notin faranta kuma ƙarfin ɗaurinsa 5.4 ne a ma'aunin niyuton-mita, wato ɗauri mai sauƙi, da sifana mai awo. Idan ya yi sako-sako wurin ya yi zafi. Idan aka matse da ƙarfi ƙusar modul ta karye. Kuma ba a cajin modul sai yana matse a cikin maƙallansa, in ba haka ba ya kumbura ya lalace.

To, ina matsalar wannan hanya? Matsalar ita ce sauran 27 ɗin tsaran mataccen ne. Shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya. Sabon modul yana ɗaukar amfiya-awa 6.5, wato yawan cajin da yake iya riƙewa. Tsofaffin wataƙila rabin haka suke riƙewa. Idan aka sa mai ƙarfi a cikinsu, ba zai ɗaga su ba, su ne za su riƙe shi. Idan aka sa wanda ya fi su rauni, shi ne zai fara faɗuwa. Saboda haka ba modul mafi kyau ake nema ba, wanda ya yi daidai da sauran ake nema. Ko an dace da hakan, bayan 'yan watanni wani yakan mutu, a sake kunce kujeru, a sake buɗe akwati. Wannan gyara lokaci yake saye. Ga wanda yake tara kuɗin cikakken batir, yana da amfani. Ga wanda yake shirin doguwar tafiya da iyali, ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma farfaɗowa. Ana cajin modul ɗin a hankali har su cika, a sauke su a hankali, a maimaita sau biyu ko uku, da caja ta musamman. Aikin yana cin kwanaki, yana kuma son wutar da ba ta yankewa, abin da ba kowane gida yake da shi ba. Yana dawo da wani ɓangare na ƙarfin batirin da ya gaji, yana kuma daidaita sel ɗin. Amma sel ɗin da ya mutu ba ya tashi. Caja ta batirin mota mai bolt 12 ba ta wannan aiki, kuma gwada ta ɓarna ce.

Hanyar da ta fi inganci ita ce canja batirin ɗungurungum. Abin mamaki, ita ce kuma ta fi dacewa da gida, domin idan an samu cikakken akwati ba sai an taɓa faranta ba. Bayan an kashe wuta kamar yadda aka bayyana, ana cire shimfiɗar but, da jinginar kujerar baya, da bututun iska. A kunce manyan wayoyi biyu masu launin ruwan goro, a naɗe bakinsu da salatif ɗin wuta. A zare soket ɗin kwamfuta, a kunce notocin da suka riƙe akwatin. Nauyinsa ya kai wajen kilo 40, gefunansa kuma suna da kaifi, don haka mutum biyu ne suke ɗaga shi. A ɗauki hoton kowane mataki da waya, domin ranar mayarwa hoto ya fi tunani. Wani lokaci sabon batir yakan zo babu kwamfuta da rile, wato makunnan da ke haɗa shi da motar. Idan haka ne, sai an kwaso su daga tsohon, kuma wannan ya koma aikin cikin akwati, da duk haɗarinsa.

Sabo daga kamfani shi ne mafi tsada, shi ne kuma mai daɗewa. Na hannu, irin wanda ake cirowa daga motar da ta yi hatsari, ana nemansa a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Mai saye ya tambayi shekarar motar da aka ciro shi, da tsawon zamansa a ajiye. Ya nemi a gwada shi a cikin mota, ya kuma karɓi garanti a rubuce. Kalmar "an sabunta shi" tana iya nufin aikin mako guda na gwaji da daidaitawa, tana kuma iya nufin an canja modul ɗaya an goge murfi.

Kowace hanya aka bi, a wanke fanka da bututunta kafin a rufe. Sabon batir a bayan cusasshiyar fanka ba zai yi ƙarko ba. Wurin mayar da filogin tsaro, ba tura shi kawai ake yi ba, sai an kwantar da hannunsa an kuma zame shi ya kulle. Idan bai kulle ba motar ba za ta nuna READY ba, ta fitar da lamba P0A0D. Daga nan a mayar da wayar ƙaramin batir, a goge tsofaffin lambobi, a yi tafiyar gwaji ta rabin awa, wani yana tuƙi wani yana duba rukunan 14 a manhaja.

Duk bayanin nan na batirin nikel ne. Wasu Prius daga 2016, da haibirid ɗin da ake caji a soket, batirin litiyam gare su. Shi idan ya huje ko aka yi masa cajin da ya wuce kima yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa, saboda haka ba a buɗe shi a gida. Takardar da ke manne a jikin akwatin tana nuna wane iri ne.

Saura tsohon batir. Ba a jefa shi a bola, ba a ƙona shi, ba a kuma bar wa yara ko masu jari-bola su farfasa shi, domin har yanzu akwai wuta da sinadari a cikinsa. Yana da daraja, saboda nikel ɗin da ke ciki da modul ɗin da suka rage da rai. Masu sayar da batir da yawa suna karɓar tsohon su rage kuɗin sabo. Kafin a kai shi, a ajiye shi a inuwa, a busasshen wuri, murfinsa a rufe, bakin wayoyinsa a naɗe, filogin tsaronsa kuma a cire.